Ba Jan Dutse Ne Ya Kashe Aisa Ba

Daga Nana Hauwa Lawal, Mandawari

Ranar Talata, sha biyar ga Zulƙida 1446, daidai da 13 ga Mayu 2025, jim kaɗan bayan sallar Azahar, Allah ya karɓi ran Dakta Aisa Bukar Jakara, malamar ilimin ma'adinai a jami'a, tana da shekara sittin da biyu a duniya. Shi ya ba mu aronta, shi ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Ɗanta tilo, Nazeer, shi ya kira ni a waya. Abin da ya iya furtawa kawai shi ne, "Gwaggo Nana, Umma ce." Ban tambaye shi komai ba, na jawo mayafi na kama hanyar Jakara. Kafin Magariba an kai ta makwancinta.

Ba a gama dawowa daga maƙabarta ba magana ta fara yawo a lunguna. Wai jan dutse ne ya ci ta. Wai ta taɓa abin da ya fi ƙarfinta, masu abin suka rama. To bari in faɗa tun daga farko, da babbar murya, don na nesa ma ya ji: ciwon zuciya ne ajalin Aisa, irin wanda ya ɗauki mahaifiyarta, kuma ta daɗe tana fama da shi. Ni nake raka ta asibiti, a gabana likita yake bayani. Wanda yake da wata magana bayan wannan, gidana yana Mandawari, ba ɓoyayye ba ne, ya zo ya faɗa mini ido da ido.

Aisa, yanzu da ke nake. Na san da kina nan za ki dafa hannuna ki ce, "Nana, sassauta, ta'aziyya kike rubutawa, ba sammaci ba." Ki yi haƙuri, ƙawata. Tun muna aji ɗaya a firamare ke ce mai sanyi, ni ce mai zafi, kuma ba yau da na rasa ki zan koyi sanyi ba. Ke Babarbariya, ni Bafulatana, kina ce mini baiwarki ina ce miki baiwata, har muka yi furfura ba a yanke wace ce uwar ɗakin wata ba. Yanzu in na shiga Jakara babu mai tare ni da tsokana daga bakin soro, kuma wallahi abin yana yi mini ciwo.

A soron gidanku na fara ganin jan dutse. Mahaifinki, Malam Bukar, wanda kakanninsa suka zo daga Barno suka zauna a Jakara, da hannu yake rubuta Alƙur'ani, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja. Yana da wani ɗan guntun dutse ja wur a cikin batta, wanda wani alhaji ya kawo masa tsaraba. Shi yake gogawa ya haɗa da ƙaro in zai yi wa wani mus'hafi na musamman wasali. Wata safiya muna zaune muna kallonsa, guntun ya suɓuce ya faɗa kaskon da yake ɗumama shayi. Kafin ya samo abin da zai tsamo shi, dutsen ya zama baƙi ƙirin. Malam ya yi salati ya ajiye shi gefe, ransa a ɓace. Washegari kika zo makaranta a guje kika ce mini jan ya dawo. Kin tambayi Malam dalili, ya ce ikon Allah ne. Kika ce, "Na sani, Baba. Amma ta ina ikon ya bi?" Na ɗauka bulala za ki sha. Dariya Malam ya yi, ya ce in kin girma ki je ki gano ki zo ki gaya masa.

Kin kuwa je. Kika yi jami'a, kika ƙetare teku kika ƙaro karatu, kika dawo kika shekara kusan talatin a ɗakin gwaji kina gasa duwatsu kina haska su da na'ura, irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi. Ni malamar Hausa ce a makarantar 'yan mata, lissafi ma da kyar na tsallake shi, amma ba ki taɓa raina kaina ba. A tsakar gidana, muna tsintar shinkafa, kika warware mini abin. Dutsen nan, wanda Larabawa ke kira zunjufur, abu biyu ne suka haɗu suka yi shi: zaiba da farar wuta. Kika ce, "Nana, ki ɗauka mutanen gida ɗaya ne. In suna sahun salla, kowa kafaɗarsa na jikin ta mutum biyu, dama da hagu. In aka kawo tuwo, sahu ya watse, sai a kewaye kwano. Mutanen dai su ne, zaman ne ya canza."

Haka yake a cikin dutsen, in ji ki. Yana ja ne lokacin da kowace ƙwayar zaiba take riƙe da ƙwayar farar wuta biyu, suna jere a dogon layi mai murɗewa. Da zafi ya haura digiri ɗari uku da arba'in, sai layin ya tsinke, kowace ƙwayar zaiba ta samu farar wuta huɗu sun kewaye ta. Wannan sabon zaman ba ya mayar da jan haske zuwa ido, shanye shi yake yi, sai mu ga baƙi. In dutsen ba shi da gauraye kuma aka bar shi ya huce a hankali, sai ya koma sahunsa, ja ya dawo. In akwai ɗan ƙarfe a cikinsa, ko aka sanyaya shi farat ɗaya, sai ya tsaya a baƙinsa. Sannan kika ƙara da abin da ya fi komai muhimmanci. In a buɗe aka ɗora shi a garwashi, wani sashe nasa yana rabuwa, zaiba ta tashi ta bi iska. Warin da ke shaƙe mutum na farar wuta ne. Zaibar ba ta da wari, ba ta da launi, tana shiga huhu ta wuce ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma jikin yaro ƙarami ya fi saurin kwasarta.

Da wannan ilimin ya tsaya a jami'a, da yau ba mai zaginki. Sai ga shi dutsen ya biyo ki har unguwa.

Akwai wani mai sayar da magungunan gargajiya a wani lungu na Jakara, Ɗantani. Shekarun baya ya samo jan dutse daga hannun fatake, ya ɓullo da abin da ya kira hayaƙin jan dutse. In yaro yana ƙuraje, ko yawan kuka, ko firgita cikin barci, sai a toshe tagogin ɗaki, a hura gawayi a kasko, a ɗora guntun dutsen, a lulluɓe yaro da kaskon da bargo. In aka yaye bargon, uwa ta ga dutsen da ta sa ja ya fito baƙi, sai a ce mata ga sammun nan, dutse ya zuƙe shi daga jikin ɗanki. Wace uwa ce za ta ga haka da idonta ba ta yarda ba? In dutsen ya tsaya a baƙi, an ce yaro ya rabu da abin. In ya huce ja ya dawo, an ce ciwo ya koma jiki, sai a sake. Abin ya bazu daga Jakara zuwa Sheshe har Mandawari, mata suna ba juna labari a gidan suna da gidan biki.

Zainab, 'yar maƙwabciyarki, ita ta fara buɗe miki ido. Tana da shekara uku, ƙuraje ne kawai suka fito mata a wuya. Dutsen da aka ba uwarta mai kyau ne, ba gauraye, don haka kullum ja yake dawowa, kullum ana sake lulluɓe yarinya. Ranar da kika leƙa gidan, tafin hannunta da na ƙafarta sun yi jajur suna saɓa, miyau na zuba, ba ta son haske, jikinta na rawa. Ba ki tsaya neman izinin kowa ba, kika saɓa ta a kafaɗa sai asibiti. Gwajin fitsari ya nuna zaiba. Zainab ta rayu, alhamdu lillahi, yau budurwa ce. Amma har gobe ba ta iya kai kofin ruwa baki ba tare da ta zubar da rabi ba, kuma ke kika nemo mata makarantar da ake yi mata jarrabawa da baki saboda ba ta iya riƙe biro. Ranar rasuwarki tana zaune a bakin ɗakinki tun da aka fita da ke, an yi an yi ta ci abinci ta ƙi.

Bayan abin da ya sami Zainab kika roƙi mai unguwa ya tara mutane a ƙofar gidansa. Kika zo da ɗan risho da wata siririyar kwalba da aka liƙe bakinta ruf, da guntun jan dutse a ciki don kada hayaƙi ya taɓa kowa. Kika ce, "Ga shi, ba yaro, ba bargo, ba mara lafiya." Kika ɗora a wuta. A gaban kowa dutsen ya rine ya zama baƙi. Ni kuwa zuciyata fari ƙal, na ce yau an gama. Sai Ɗantani ya gyara zama ya ce, "Ranka ya daɗe, ai wurin nan cike yake da mutane. Wa ya san daga jikin wa dutsen ya zuƙo? Wataƙila ma daga jikin ita Daktar ne." Aka bushe da dariya, har da tafawa. Taro ya watse, kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi a ransa.

A hanyar komawa ina ta zage-zage, har mutane na waiwayenmu. Ke kuwa sai da muka kai soro kika ce, "Nana, kin lura da yadda hannunsa yake rawa? Mutumin nan ba yaudara yake yi ba, ya yarda da abin da yake faɗa. Shi ya fi kowa shaƙar hayaƙin nan a Jakara." Ni ban lura ba, fushi ya rufe mini ido.

Daga ranar ba ki sake tara maza ba. Gida-gida kika koma. Duk inda aka yi haihuwa, ke ce kan gaba wajen barka, da turmin atamfa da sabulu, ki zauna a bakin gadon mai jego kamar ba ki da aikin yi. Ba ki taɓa yi wa kowa gardamar ko akwai sammu ko babu ba. Cewa kike, "Ni 'yar malam ce, a kan buzu na tashi. Ku yi addu'a, ku yi tofi, ku ba da rubutu. Hayaƙin nan kaɗai nake roƙonku da girman Allah ku bari." Inda kika tarar an riga an yi, sai ki sa a buɗe tagogi, a fitar da tabarma da bargon, ki kai yaro gwaji a motarki. Wasu suka ji. Wasu da sun ji sallamarki sai su tura kasko ƙarƙashin gado. Aka sa miki suna Dakta Dutse, aka ce boko ya cinye miki imani, ke da ba ki taɓa barin azumin Litinin da Alhamis ba sai da likita ya hana ki. Akwai gidajen da aka daina amsa gaisuwarki, kuma ba ki daina gaishe su ba. Ni da aka yi wa rabin haka, da tuni an ji mu a ofishin 'yan sanda.

Abin da ban taɓa gane miki ba shi ne na Ɗantani. Da ciwo ya kayar da shi, haƙoransa suna zuba, hannu ba ya iya ɗaure tazuge, 'yan uwansa suka ce asiri abokan sana'a suka yi masa, za su yi masa hayaƙi. Ke kika je da kanki kika sa aka ɗauko shi, kika kai shi asibiti, kika zauna a layi tare da shi tun hantsi har La'asar. Ya samu sauƙi, ya koma rumfarsa, ya ci gaba da sayar da jan dutse. Na zo na same ki ina huci, na ce ga sakayyarki nan. Kika ce ba don ya daina kika kai shi ba, don ba shi da lafiya ne. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma har yau na san kin fi ni.

Wata huɗu kafin rasuwarki Allah ya ba Nazeer da matarsa Hafsat 'ya mace. Aka sa mata sunanki, ana kiranta Ummi. Lokacin numfashi ya fara yi miki wuya, matakalar soro ma sai kin huta, amma in aka miƙo miki takwara sai ki manta da ciwo, ki ɗora ta a cinya kina yi mata waƙar Barebari da ni ban taɓa jin kanta ba. Muddin kina raye ba wanda ya isa ya ambaci hayaƙi a gidan nan. Mahaifiyar Hafsat, Hajiya Gambo ta Sheshe, ta yarda da jan dutse ƙwarai, kowa ya sani, amma a gabanki ba ta taɓa ɗaga maganar ba.

Yanzu zan ba ki labarin abin da ya faru bayanki, don ya kamata ki ji daga bakina.

A cikin kwanakin zaman makoki zafi ya tsananta, gida cike da mutane, ƙuraje suka feso wa Ummi a wuya da baya, jikinta ya ɗau zafi. Masu cewa jan dutse ya ci ki sai suka samu abin ƙarawa. Wai abin da ya kama ki bai ƙoshi ba, ya biyo suna, ya sauka a kan takwara. Wai in ba a yi wa yarinyar hayaƙi an zuƙe shi ba, za ta bi ki. Kin ji, Aisa? Hayaƙin da kika ƙarar da ƙarfinki kina yaƙa, shi za a turara wa jikarki, da sunan wanke ta daga abin da wai kika jawo mata. Kuma na san dutsen baƙi zai fito, tunda wuta ba ta da wani aiki sai wannan. Yarinya 'yar wata huɗu za ta shaƙi zaiba a ƙarƙashin bargo, sannan a ɗaga dutsen a nuna wa mata a ce ga shaida.

Ranar addu'ar bakwai na iso da hantsi. Maza sun cika ƙofar gida da soro, mata sun cika tsakar gida, ana rabon waina da gumba. Na duba ban ga Hafsat ba, ban ga Ummi ba. Na tambaya, kowa ya kau da kai. Sai na ji ƙaurin gawayi yana fitowa daga ɗakinki, na ga an toshe tagar da tabarma. Ɗakinki, Aisa, inda darduma da carbinki suke ajiye yadda kika bar su.

Na tura ƙofa ban yi sallama ba. Kasko na tsakiyar ɗaki, garwashi ya yi ja. Ummi na kwance a kan tabarma daga ita sai ɗan kamfai, tana wutsil-wutsil da ƙafa. Hajiya Gambo na tsugune, bargo a kafaɗa, guntun jan dutse a tafin hannunta, bai kai ga wuta ba tukuna. Hafsat na jingine da bango, ta toshe baki da mayafi, hawaye na zuba.

Na ce, "Hajiya, me za a yi a ɗakin nan?"

Ta ce, "Abin da ya kamata a yi tuntuni, Malama. Mai hanawar ta tafi, Allah ya ji ƙanta. Ni ma jikata ce. Na binne 'ya'ya uku da hannuna, ba zan zuba ido in binne wannan ba."

Ba zan yi mata ƙarya ba, idonta cike yake da ƙwalla, kuma son yarinyar ne ya kawo ta. Amma na riga na ga inda bayani ya kai ki a ƙofar mai unguwa, ke da kike da ilimin da haƙurin. Ni ba ni da ko ɗaya. Na ɗauki butar alwalarki na juye a kan garwashin, ɗakin ya turnuƙe da tururi da toka. Na sunkuya, da wannan gwiwar tawa mai ciwo da kika sani, na ɗauki Ummi na saɓa ta a baya na ɗaure da mayafina. Rabon da in goya yaro har na manta, amma hannu bai manta ba.

Hajiya Gambo ta miƙe tana salati. Ta ce, "Satar yarinya za ki yi a gidan mutuwa? Ke wace ce a gidan nan?"

Na ce, "Ni ce baiwar mai ɗakin nan. Asibiti za mu, wanda zai zo ya taho."

Ban kai bakin ƙofa ba na ji ta juya kan 'yarta. Ta ce, "Hafsatu, in kika taka ƙofar nan kika bi ta, babu ni babu ke."

Nan na tsaya. Ni ba uwar yarinyar ba ce, ba kakarta ba ce. In Hafsat ta ce in sauke mata 'yarta, dole in sauke, kuma kafin Azahar za a sake hura gawayi. Hafsat kuwa kin san ta, yarinyar da ko ido ba ta iya haɗawa da babba, wadda ba ta taɓa ce wa uwarta a'a ba tun da aka haife ta. Sai na ga ta zame daga jikin bango ta durƙusa a gaban Hajiya Gambo, ta kama ƙafarta. Ta ce, "Umma, ki yafe mini. Na ga hannun Zainab." Ta tashi ta wuce ni, ita ta ɗaga mini labule.

Muka ratsa tsakar gida, mata suka dare. Muka shiga soro, ni kai ba mayafi, goyo a baya, toka a zane, Hafsat ko takalmi ba ta tsaya nema ba. Malamai na tsakiyar addu'a suka dakata. Ɗantani na cikinsu, a can gefe, ya zo yi miki addu'a, hannayensa na rawa a kan gwiwa, bai ɗago kai ba. Nazeer ya dube ni, ya dubi matarsa, ya dubi tokar da ke jikina, ya gane. Bai san da shirin ba sam. Ya miƙe daga cikin masu karɓar gaisuwa, ya cire takalmansa ya ajiye a gaban Hafsat, ya biyo mu a ƙasa cikin ranar nan har bakin titi inda muka sami a-daidaita-sahu.

Likita ya duba Ummi ya ce ƙurajen zafi ne da zazzaɓin cizon sauro. Aka ba ta magani, zazzaɓin ya sauka, ƙurajen suna bushewa. Tun ranar ita da uwarta suna gidana a Mandawari, Nazeer yana zuwa safe da yamma. An aiko mini cewa na ci mutuncin gidan makoki, na keta alfarmar addu'arki, na shiga tsakanin uwa da 'ya. Na ji. Wanda na ɓata wa addu'a ya yafe mini. Amma in aka sake hura kaskon nan gobe, a gidan kowa ne, in dai labari ya iso ni, zan sake shiga ba sallama. Kuma ku masu cewa mai hanawar ta tafi, ku sake lissafi. Akwai matan da Aisa ta zauna a bakin gadonsu, akwai ɗalibanta, akwai Zainab, ga ni, ga Hafsat.

Ya Allah, ga baiwarka Aisa 'yar Malam Bukar ta zo gare ka. Ka san abin da ta sani da abin da ta yi da shi, ka san abin da aka faɗa a kanta da yadda ta haɗiye. Ka gafarta mata kurakuranta, ka yalwata mata kabarinta, ka sanyaya shi, ka haskaka shi. Ka sa kowane yaro da ta raba da hayaƙin nan ya zama nauyi a mizaninta. Ka haɗa ta da iyayenta da mijinta, marigayi Alhaji Ibrahim, a Aljannar Firdausi. Mu da muka rage, ka kyautata namu ƙarshen, ka ba ni ko kaɗan daga haƙurinta, don ka san ina bukata.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Nazeer, da dangin Malam Bukar na Jakara da na Barno, da abokan aikinta da ɗalibanta, da Zainab da mahaifiyarta. Ina yi wa Ɗantani ta'aziyya, don ya rasa wadda ta fi kowa damuwa da lafiyarsa, Allah ya ba shi sauƙi ya ganar da shi. Ina yi wa Hajiya Gambo ta'aziyya, da zuciya ɗaya, ƙofata a buɗe take gare ta duk ranar da ta ga dama ta zo ta ɗauki jikarta ta yi mata wasa.

Ta'aziyyata ta ƙarshe taki ce, Hafsat. Ke kika yi rashi biyu a mako guda: ɗaya ƙasa ta rufe ta, ɗaya tana nan Sheshe da ranta ta ƙi ɗaga wayarki. Ina jin ki kowace safiya bayan kin idar da salla, kina kira, tana ta ƙara har ta katse, ki share ido ki ɗauki Ummi ki ba ta nono. Allah ya huci zuciyar mahaifiyarki, ya sa gobe ta ɗaga. Ki ci gaba da kira, 'yata, hakkinta ne a kanki. Amma ko ta ɗaga ko ba ta ɗaga ba, yarinyar nan ba za ta shiga ƙarƙashin bargon nan ba.